Yaro a Tsakiyar Dangi: Wa Ke Riƙe da Hannunsa?

Duk wanda ya saba sauraron rediyo a Kano ko Kaduna ko Damagaram ya san sanarwar cigiya. Ana cigiyar yaro ɗan shekara biyu da rabi, wankan tarwaɗa, sanye da shadda ruwan toka, bai iya faɗin sunan unguwarsu ba, wanda Allah ya sa ya gan shi ya taimaka ya kai shi gidan mai unguwa ko ofishin 'yan sanda mafi kusa. Irin wannan sanarwa ta fi yawa a kwanakin sallah da lokutan bukukuwa, wato daidai lokacin da yaron ke kewaye da masu ƙaunarsa fiye da kowace rana a shekara. Kakarsa na nan, gwaggonninsa na nan, kawunnai sun cika ƙofar gida, amma a ranar ce ya sulale ba wanda ya gani. Wannan shi ne abin da ya kamata mu tsaya mu duba, domin a ganina yawan dangin ne da kansa yake buɗe ƙofar ɓatan.

Ba ina nufin a daina fita da yara ba. Zumunci a ƙafa yake, kuma yaron da ba a kai shi gidan kakanni da barka da suna da yawon sallah ba zai tashi bai san nasa ba. Addini ya yi umarni da sada zumunci, al'ada ta ƙarfafa shi, kuma a waɗannan ziyarce-ziyarcen ne yaro yake koyon durƙusawa ya gaida manya, ya san wace ce Inna wane ne Baffa. Uwar da take goyo ma ba ta da zaɓi. In za ta je dubiya asibiti ko ta'aziyya ko sayayya a Kantin Kwari, da ɗanta za ta tafi. Tambayar ita ce yadda za a fita da shi a dawo da shi lafiya.

A gidanta, uwa tana sane da ɗanta ko da idonta na kan tukunya. Shirunsa ma magana ce a wurinta: da ta ji ya daina ƙiriniya sai ta leƙa. Amma da an yi sallama a gidan biki, wannan lissafin ya rushe. Gwaggo ta karɓe shi tun daga bakin ƙofa tana yi masa wasa, kaka ta ce a miƙo mata mijinta, wata 'yar uwa ta ɗauke shi ta kai shi ɗakin amarya a gan shi. Uwar ta samu sararin da ta daɗe ba ta samu ba, ta zauna ana hira da 'yan uwan da aka kwana biyu ba a haɗu ba. Can sai ta ce, "Wai ina Abba?" A ce, "Ai yana wajen Gwaggo." Gwaggo ta ce, "Ni? Tun ɗazu na sauke shi, na ga ya bi yara." Yara kuwa sun ce ba su gan shi ba. Babu wanda ya yi sakaci da gangan a cikinsu. Kowa ya gan shi, kowa ya yi masa dariya, kowa kuma ya ɗauka yana hannun wani.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da wannan. A 1968 wasu masu bincike biyu a Amurka, John Darley da Bibb Latané, suka nuna cewa idan abu ya faru a gaban mutum shi kaɗai yakan tashi ya taimaka da sauri, amma da ya san akwai wasu a wurin sai ya yi nauyin jiki, yana zaton wani zai yi. Nauyin yana rarrabuwa har ya zama kason kowa bai kai ya tashe shi daga zaune ba. Muna cewa ɗa na kowa ne, kuma gaskiya ne wajen tarbiyya da tsawatarwa. Wajen tsaron ɗan shekara biyu a cikin taro kuwa, dole ya zama na mutum ɗaya a kowane lokaci, mutumin da ya san cewa shi ne.

Akwai abubuwa biyu na al'adarmu da suke ƙara faɗaɗa wannan giɓi, kuma ba a cika faɗinsu ba. Na farko kunya. Yarinyar da ta je gidan surukai da ɗanta na fari ba ta son a ga tana rawar jiki a kansa. In uwar miji ta karɓe shi, da wuya ta iya buɗe baki ta tambayi inda yake, don kada a ce ba ta da kara, ko a ce ba ta yarda da dangin miji ba. Sai ta zauna zuciyarta na dukan uku-uku, tana satar kallon ƙofa, har lokaci ya ƙure. Kara abu ne mai kyau, ba na so ya gushe. Amma a nan manya ne ya kamata su sauƙaƙa. Uwar miji ce za ta ce, "Ke, tashi ki duba yaron nan, kada ki ji kunyata," ko kuma ita da kanta ta ɗora wa wata babba nauyinsa a gaban kowa. Na biyu shi ne rabuwar zaman maza da mata. Mata na cikin gida, maza na kan tabarma a waje, yaro kuma yana kai da komo ta zaure. Uwa ta ga ya fita ta ce ya tafi wajen babansa. Uba ya ga ya juya ya ce ya koma wajen uwarsa. Tsakanin zaure da tabarmar maza akwai taku goma da ba na kowa ba, kuma daga nan titi ya fara. Iyaye maza da yawa suna ɗaukar kula da ƙaramin yaro a taro aikin mata ne kawai, alhali su ne suke zaune a daidai wurin da yaron zai bi ya fice.

Sai kuma batun yaya. A ce wa yarinya 'yar shekara bakwai ko takwas, "Riƙe ƙanenki," a ɗauka an gama. Ita ma fa yarinya ce. Ga 'yan uwanta da ta yi kewa, ga mai balan-balan, ga kiɗa ya tashi a waje. Za ta riƙe shi da zuciya ɗaya har zuwa lokacin da wani abu ya ɗauke mata hankali, sannan in abu ya faru a ɗora mata laifin da zai bi ta har girma. A cikin gida mai ƙofa a rufe, yaya za ta iya taimakawa. A bakin titi, a tasha, a filin idi, a gidan zoo ranar sallah, wannan nauyi ya fi ƙarfinta.

Yana da kyau mu tuna wane ne wannan yaro da muke magana a kai. Ɗan shekara biyu tsawonsa bai kai mita ɗaya ba; a cikin taro gwiwoyi da bakin zani kawai yake gani, kuma babba mai dube-dube a tsaye idonsa na wucewa ta saman kansa. Ya iya tafiya, har da gudu, amma bai san haɗari ba. Ba ya iya auna saurin babur ko adaidaita sahu, abin da ko yaran firamare na ajin farko ba su gama ƙwarewa a kai ba. Uwarsa kuma da launin tufafinta yake gane ta daga ƙasa. Nan ne anko yake zama matsala: mata talatin sun sa atamfa iri ɗaya, yaro ya kama gefen zanin wata ya bi ta har bakin titi yana zaton Ummansa ce, ita kuwa matar ba ta ma san ana bin ta ba. Haka abin yake a filin idi da wurin tafsiri, inda hijabai masu kala ɗaya suka cika sahu. In ya gane ya ɓata, ba lallai ya yi kuka nan take ba. Wani tsoro ne zai sa ya yi tsit, wani ya ci gaba da tafiya gaba yana nema, yana ƙara nisa. In aka tsince shi aka tambaye shi sunan babansa, sai ya ce Abba. Sunan uwarsa, Umma. Sau da yawa ko sunansa na yanka bai sani ba, saboda an sa masa sunan kaka ana sakaya shi da laƙabi.

Da an ce yaro ya ɓata, abin da ke fara faɗo wa kowa a rai shi ne ɓarayin yara, kuma tsoron yana da tushe. A watan Oktoban 2019 rundunar 'yan sandan Kano ta bayyana ceto yara tara da aka sace daga unguwanni irin su Hotoro da Kawo da Sauna da Dakata, aka kai su Onitsha a jihar Anambra aka sayar, aka sauya musu suna, wasunsu sun shafe shekaru har Hausa ta ɓace musu. Gwamnatin jihar Kano ta kafa kwamitin bincike, kuma a 2021 babbar kotun jihar ta yanke wa jagoran masu satar, Paul Owne, ɗaurin shekara 104. Iyaye da dama har yau suna neman nasu. Abin lura a wannan labari shi ne mai satar yaro ba ya bukatar ƙarfi. Yaron da ke tsaye shi kaɗai a bakin layi, da alewa ɗaya da murmushi za a tafi da shi, kuma masu kallo za su ɗauka kawunsa ne.

Sai dai tsoron ɓarawo kada ya rufe mana ido daga abubuwan da suka fi kusa. Gidan da aka je ziyara ba gidan yaron ba ne, kuma mai yiwuwa an daɗe ba a yi ƙaramin yaro a cikinsa ba. Rijiya a buɗe take saboda ana ta jan ruwan biki. An cika baho da bokitai da durom an ajiye a bayan ɗaki. Tukwanen abinci na kan murhu a tsakar gida, ga man suya, ga garwashi. A ɗakin kaka akwai maganin hawan jini a kan tabarma, a kicin akwai kananzir ko fetur ɗin janareta a cikin robar lemo. A bayan gari kuwa, da damina, kududdufi ya cika. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a ruwa a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Ƙaramin yaro kansa yana da nauyi in aka kwatanta da jikinsa. In ya leƙa bokiti ya kifa ciki ba ya iya ɗagowa, ba ya kuma iya ihu, 'yan mintuna kaɗan sun isa. Shi ya sa nake ganin mai masauki yana da aikin da ya kai na dafa abinci muhimmanci: kafin baƙi su iso a rufe rijiya da murfi mai nauyi, a ɗauke magunguna, a kewaye wurin girki, a sa babba ɗaya a ƙofar gida wanda aikinsa kawai shi ne kada ƙaramin yaro ya fita shi kaɗai.

Turereniya ita ce haɗarin da ko riƙon hannu ba ya magancewa. Ranar 18 ga Disamban 2024, a wani taron yara da aka shirya a harabar wata makaranta a Basorun, Ibadan, inda aka yi alkawarin raba kuɗi da abinci, yara 35 ne 'yan sanda suka tabbatar sun rasu a cunkoson shiga. Cikin 'yan kwanaki aka sake samun irin haka a Okija da Abuja wurin rabon abinci, kuma a watan Maris na shekarar an yi rashi a Bauchi wurin rabon zakka. Masana cunkoso suna cewa da mutane sun wuce biyar a kan kowace murabba'in mita, mutum ba shi ke sarrafa ƙafarsa ba, taron ne ke tafiya da shi, kuma abin da ke kisa yawanci matsewar ƙirji ne har numfashi ya gagara. Yaron da ke ƙasa shi ne farkon wanda iska ke yanke wa. A nan shawarata ba ta da sassauci: wurin rabon kaya, ƙofa ɗaya mai dubban mutane, ba wurin zuwa da ƙaramin yaro ba ne, komai tsananin bukata. Na san talauci ne ke kai uwa can, ba son ranta ba, kuma laifin farko na masu shirya rabon ne da suke tara jama'a ba tsari. Amma in akwai maƙwabciya da za a bar mata yaron, a bar mata. Kallon hawan sallah ma, ko Hawan Daushe ne a Kano ko hawan Katsina ko Zazzau, a nemi gefe mai hanyar fita, nesa da inda dawakai ke sukuwa, yaron na kan kafaɗa ko a baya, a kuma bar wurin kafin a tashi gaba ɗaya, domin lokacin watsewa ne jama'a suka fi matsuwa.

To mene ne abin yi? Babu na'urar da ta kai goyo. Zani da majanyi sun riƙe yaranmu a kasuwa da tasha tun kaka da kakanni, hannun uwa a sake, yaro a wurin da ba ya sauka sai an sauke shi. Yanzu wasu na ganin ɗan shekara biyu ya wuce goyo, ko kuma goyo zai ɓata kwalliyar biki. A cikin Kasuwar Kurmi ko ta Sabon Gari, ko a tashar Unguwa Uku lokacin da ake lodi, ni dai ban ga abin da ya fi shi ba. In tafiya zai yi da ƙafarsa, a riƙe shi a wuyan hannu, domin tafin hannun yaro santsi gare shi kuma fizgewa ɗaya ta isa, sannan babba ya kasance ta ɓangaren titi. A ƙasashen Turai ana sa wa yara wata 'yar igiya mai ɗamara da iyaye ke riƙewa. Wasu a nan suna ƙyamar abin, suna cewa yaro ba akuya ba ne. Ban ga abin kunya a ciki ba ga uwar da ke da tagwaye ko goyo da na hannu, ita kaɗai a filin jirgi.

Amma babban gyaran a baki yake, kuma kyauta ne. Kada yaro ya bar hannu sai da magana, kada a karɓe shi sai da amsa. "Yaya, ga Ummi nan a hannunki, zan yi salla." "Na karɓa." In Yaya za ta tashi, ita ma ta miƙa wa wata da suna, ko ta mayar wa uwar. Sauke yaro a tsakar gida a ce "je ki wajen Mamanki" ba miƙawa ba ce. Haka tsakanin miji da mata: in ya fito wajen maza, uban ya aika a faɗa cewa yana wurinsa, in zai koma a raka shi har ciki. Ranar dawowa kuma a ƙirga yara kafin mota ta tashi, musamman in motoci biyu ne, domin kowace mota na iya zaton yana cikin ɗayar.

Kafin a fito daga gida a ɗauki hotonsa da waya cikin kayan da ya sa a ranar, don a firgice uwa kan manta kalar rigar da ita da kanta ta sa masa. A rubuta lambar waya a takarda a maƙala da fil a cikin aljihu, ko a rubuta a damtsensa. Sunansa kuwa kada a rubuta a inda kowa zai karanta, saboda yaro yana sakin jiki da duk wanda ya kira sunansa. Hukumar da ke kula da Masallacin Harami a Makka tana ɗaura wa yara abin hannu mai ɗauke da lambar wayar iyayensu a wasu ƙofofin shiga, kuma masu zuwa Umara da yara sun ga amfaninsa. Babu abin da zai hana a yi haka a ƙofar gidan zoo na Audu Bako ko wuraren wasan yara ranar sallah.  Yaron da ya fara magana sosai a koya masa cikakken sunan mahaifinsa da unguwarsu kamar waƙa, a kuma koya masa cewa in bai ga Umma ba ya tsaya inda yake, ya nemi mace mai goyo ko mai shago.

In kuma abin ya faru, mintunan farko su ne komai, kuma kunya ce ke cinye su. Uwa takan yi ta zagaye shiru tana leƙa ɗakuna, ba ta so a ce ta yi sakaci ko ta tada hankalin biki. A ɗaga murya tun daga farko. Kiran sunansa kaɗai bai isa ba, a faɗi kamanninsa da ƙarfi: yaro ɗan shekara biyu, jar riga, ba takalmi. Nan take idanu hamsin sun shiga nema, kuma in wani ne ya riƙe shi da mugun nufi zai fi son ya sake shi. Wani ya tafi wurin ruwa da farko, rijiya da baho da kwata, sannan titi, kafin a tsaya duba ƙarƙashin gado. Wani ya tsaya a inda aka gan shi na ƙarshe. A kasuwa a nufi ofishin shugabannin kasuwa da masu gadin ƙofofi, a tasha a gaya wa 'yan kamasho da shugabannin direbobi kafin wata mota ta fita, a unguwa a roƙi ladan ya yi shela da lasifikar masallaci, a sanar da mai unguwa. A kai rahoto ga 'yan sanda a ranar, ba sai an kwana ba. A Najeriya akwai lambar gaggawa ta 112, a jihohin da ke da Hisbah kuma ofisoshinta na karɓar yaran da aka tsinta.

Sanya hoto a Facebook da WhatsApp yana taimakawa ƙwarai, amma da hattara. Akwai 'yan damfara da ke bin irin wannan cigiya su kira lambar su ce yaron na hannunsu a turo kuɗi. A ɓoye wata alama ɗaya ta jikinsa, tabo ko tawadar Allah, wadda sai wanda yake tare da shi ne zai iya faɗa. In an same shi a koma a sanar, don hotunan yaran da aka gani tun bara suna ta yawo har yanzu suna raba hankalin masu son taimako. Wani abin da ke damuna ƙwarai shi ne ihun "ɓarawon yara" a kan zato. An sha dukan bayin Allah har lahira a kan haka, wasu masu taɓin hankali ne, wasu ma taimakon yaron suke yi. Sakamakonsa shi ne mutumin kirki ya ga yaro na kuka a titi ya ji tsoron ɗaukarsa. Wanda ya tsinci yaro ya tsaya da shi a wurin na ɗan lokaci a bainar jama'a, ya sa shaidu, sannan su rankaya tare zuwa gidan mai unguwa ko ofishin 'yan sanda. Kada ya kai shi gidansa ya kwana da niyyar alheri, kuma kada a miƙa shi ga duk wanda ya zo ya ce nasa ne sai an ga hoto ko shaidar unguwa.

Da an ga yaron, abin da ya fi yawa shi ne uwa ta fara kai masa mari tana kuka, ko a juya kan yayarsa da bulala. Firgici ne ke fita ta hannu, na fahimta. Amma ɗan shekara biyu ba ya haɗa dukan da tafiyar da ya yi; abin da zai koya shi ne in ya ɓata aka gan shi zai sha duka, kuma yaron da ya koyi haka, wata rana yana jin ana kiran sunansa zai ƙara maƙalewa a inda ya ɓuya. A rungume shi, a duba jikinsa, a ba shi ruwa. Tambayar yadda aka yi ya fita kuwa tsakanin manya za a yi ta, bayan hankali ya kwanta, a gano a hannun wa aka yi zaton yake da kuma ƙofar da ya bi, tun kafin suna ko bikin da ke tafe ya sake tara dangin a gida ɗaya.